Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Darasi a kan Ikon Ƙananan Hukumomi da Hakkin Jama'a na Tsara Ci Gabansu

Gabatarwa



A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a kan ƙarar da Ministan Shari'a na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai gwamnonin jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Kotun ta ce kuɗin da ke fitowa daga asusun tarayya da sunan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, a biya su kai tsaye ga ƙananan hukumomin, kada su ƙara bi ta hannun gwamnoni. Ta kuma ce ba gwamnan da ke da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisar ƙaramar hukuma ya naɗa kantoma ko kwamitin riƙo a madadinta.

Da yawa daga cikinmu mun ji labarin a rediyo, muka ce maganar manya ce, muka koma gona. Amma wannan magana ta shafi rijiyar ƙauyenmu, da rufin makarantar firamare inda 'ya'yanmu ke zama a ƙasa, da kwalbatin da ruwa ya cinye har mace mai naƙuda ba ta iya kaiwa asibiti da damina. Saboda haka muka ga ya kamata mu keɓe darasin wannan wata domin mu yi nazari tare a kan abu uku: abin da Ikilisiya ke koyarwa game da rabon iko, yadda tsarin ƙananan hukumomi ya samo asali a ƙasarmu, da kuma abin da ya wajaba a kanmu idan har muna so ikon ya sauko inda jama'a suke.

1. Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana

A cikin Littafin Fitowa sura 18 mun karanta yadda Musa yake zama daga safe har yamma yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai, mutane kuwa na tsaye suna jira. Surukinsa Yetro ya dubi abin, ya faɗa masa gaskiya cewa wannan hanya za ta gajiyar da shi, ta kuma gajiyar da jama'a. Ya ba shi shawara ya zaɓi mutane masu iyawa, masu tsoron Allah, amintattu, waɗanda ba su karɓar hanci, ya sa su shugabanni a kan dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin da goma goma. Ƙananan matsaloli su ƙare a hannunsu, manya kaɗai za a kawo wa Musa. Mu lura da abu biyu a nan. Na fari, Musa bawan Allah ne, duk da haka aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na biyu, Yetro bai tsaya ga maganar raba iko kawai ba, sai da ya faɗi irin halin mutanen da za a ba ikon.

A cikin Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, gunaguni ya tashi a Ikilisiyar Urushalima domin ana manta da gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce su ne suka san kome ba. Suka tara taron masu bi, suka ce jama'a da kansu su zaɓi mutum bakwai, su kuwa suka ɗora musu hannu. Waɗanda abin ya shafa su ne suka yi zaɓen.

Sa'an nan a Littafin Nehemiya sura 3, lokacin da ake sāke gina garun Urushalima, an raba aikin kashi kashi, iyali da iyali, ƙungiya da ƙungiya, waɗansu kuwa suka gyara sashen da ke daura da gidajensu. Duk wanda ya taɓa yin aikin gayya ya san hikimar wannan: mutum ba ya yi wa katangar ƙofar gidansa aikin ha'inci.

2. Koyarwar Ikilisiya: ƙa'idar tallafi

A shekarar 1931, Fafaroma Piyus na 11 ya rubuta wasiƙarsa mai suna Quadragesimo Anno, shekara 40 bayan wasiƙar Fafaroma Liyo na 13 a kan halin ma'aikata. A lokacin, gwamnatoci masu kama-karya na tasowa a Turai, musamman gwamnatin Musolini a Italiya, suna haɗiye ƙungiyoyin ma'aikata da na matasa, suna so kome ya koma hannun hukuma ɗaya. A cikin wannan hali ne Fafaroma ya bayyana ƙa'idar da ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan koyarwar Ikilisiya a kan zaman jama'a. Sunanta ya fito ne daga kalmar Latin subsidium, wadda ke nufin taimako, kuma tun asali ana kiran rundunar mayaƙa da ke jira a baya da wannan suna, watau waɗanda ba su shiga fage sai na gaba sun bukaci ɗauki. Mu a Hausa za mu iya kiranta ƙa'idar tallafi.

Ma'anarta a taƙaice ita ce: abin da mutum zai iya yi wa kansa, kada jama'a ta ƙwace masa; abin da iyali ko ƙauye ko ƙaramar hukuma za ta iya yi, kada hukumar da ke sama ta karɓe shi daga hannunta. Fafaroma ya ɗauki irin wannan ƙwace a matsayin rashin adalci da ɓata tsarin da ya dace. Aikin na sama shi ne ya tallafa wa na ƙasa, ya ƙarfafa shi, ya kawo ɗauki inda ƙarfinsa ya gaza.

Fafaroma Yohanna Bulus na 2 ya sāke jaddada wannan a wasiƙarsa Centesimus Annus ta 1991, kuma Katikizim na Ikilisiyar Katolika da ya fito a 1992 ya ɗauko ta. A 2009 Fafaroma Benedik na 16 ya ƙara mana gargaɗi cewa tallafi da zumunci dole su tafi tare: idan aka bar kowa da nasa ba tare da zumunci ba, mai ƙarfi zai ci gaba, mara ƙarfi ya lalace, idan kuwa aka yi ta ba mutane taimako ba tare da an bar su su yi abin da za su iya ba, za a mai da su mabarata.

Me ya sa Ikilisiya ta damu da wannan? Dalili na farko shi ne darajar ɗan Adam. Allah ya halicce mu cikin kamanninsa, ya ba mu hankali da 'yancin zaɓi. Mutumin da kullum ake yanke masa shawara daga nesa, ba a taɓa tambayarsa ba, an rage masa wani abu daga cikin mutuncinsa ko da an cika masa ciki. Dalili na biyu shi ne sani. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ma'aikacin da ke ofis a babban birnin jiha yana iya sanin yawan mutanen ƙauye a takarda, amma matan ƙauyen ne suka san wace rijiya ce ke ƙafewa a watan Maris. Dalili na uku shi ne lissafi. Ya fi sauƙi a tambayi kansilan da muke haɗuwa da shi a kasuwa inda kuɗi suka tafi, da a tambayi minista a Abuja.

3. Daga En'e zuwa ƙananan hukumomi

Dattawanmu sun san zamanin En'e. Turawan mulkin mallaka sun yi mulki a Arewa ta hannun sarakuna, aka kafa baitulmali tun wajen 1911, En'e na da 'yan dokarta, da kotunanta, da gidajen yarinta, tana karɓar haraji da jangali, tana gina makarantu da ɗakunan shan magani. Lalle iko na kusa da jama'a a wancan lokaci, amma ba a hannun jama'a yake ba. Talaka ba shi da bakin magana a kan yadda ake kashe harajinsa, kuma al'ummomi da yawa, musamman a kudancin Zariya da wasu sassan tsakiyar ƙasa, sun daɗe suna kuka cewa an ɗora musu hakimai waɗanda ba nasu ba. Wannan darasi ne da bai kamata mu manta ba: kusancin iko dabam, mallakar jama'a dabam.

Babban sauyi ya zo a 1976, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo. Aka yi wa ƙasa duka tsari iri ɗaya, aka kafa ƙananan hukumomi 301, aka amince da su a matsayin mataki na uku na gwamnati, sarakuna kuma suka koma majalisun ba da shawara. Tsarin mulki na 1979 ya tabbatar da cewa za a riƙa zaɓen shugabanninsu. A zamanin Janar Ibrahim Babangida aka ƙara musu kaso daga asusun tarayya, daga kashi 10 cikin 100 zuwa 15, sa'an nan zuwa 20 a 1992, aka kuma riƙa aika musu kuɗin kai tsaye. Yawansu ya kai 589 a 1991, ya kai 774 a 1996 zamanin Janar Sani Abacha. Jihar Kano na da 44, Katsina 34, Kaduna 23, Filato 17.

Tsarin mulki na 1999 ya ba da da hannun dama, ya karɓe da hagu. Sashe na 7 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisu, amma ya bar wa majalisun dokokin jihohi ikon tsara yadda za su kasance. Sashe na 162 kuma ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa inda kuɗin ƙananan hukumominta za su sauka kafin a raba. Ta wannan ƙofa ce ɓarna ta shiga. Shekara da shekaru ana kukan cewa jihohi na yanke kuɗin da sunan ayyukan haɗin gwiwa, abin da ke isa sakatariya bai wuce na albashi ba, jihohi da dama kuma suka yi shekaru ba zaɓe, sai kantomomi. Kantoma kuwa ya san wanda ya naɗa shi, ga shi yake kai gaisuwa. A 2019 hukumar tarayya mai sa ido a kan hada-hadar kuɗi ta yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa, ta hana cire fiye da naira 500,000 a rana, kuɗi hannu, daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka ƙalubalanci matakin a kotu. Haka aka yi ta ja har zuwa hukuncin 2024.

Bisa tsarin rabon da aka daɗe ana bi, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi kuwa 20.60. Watau daga kowace naira biyar da aka raba, wajen naira ɗaya ta ƙananan hukumomi ce. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Mu kuma san aikin da doka ta ɗora musu. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya lissafa kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da maƙabartu, da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ya kuma ce su sa hannu a ilimin firamare da na manya, da aikin gona, da kiwon lafiya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sashe na 7 ya wajabta wa majalisar ƙaramar hukuma ta shiga cikin tsara tattalin arziki da ci gaban yankinta. Ashe tsara ci gaba daga ƙasa ba alfarma ba ce da muke roƙo, doka ce ta riga ta ajiye mata wuri.

4. Hukunci kaɗai bai isa ba

Kada mu ruɗi kanmu. Bayan hukuncin, jihohi da yawa sun gaggauta yin zaɓen ƙananan hukumomi a ƙarshen 2024, kuma kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ta kwashe kujerun, gama hukumar zaɓe ta jiha ce ke gudanar da zaɓen, gwamna kuwa shi ke naɗa ta. Biyan kuɗin kai tsaye ma ya gamu da jinkiri da jayayya har cikin 2025.

Akwai kuma tsoron da ke da tushe. A farkon shekarun 1990, da aka ɗora wa ƙananan hukumomi albashin malaman firamare, malamai a wurare da yawa sun yi watanni ba a biya su ba. A 2025 ma malaman firamare na yankin Abuja sun yi yajin aiki fiye da wata uku saboda ƙananan hukumomin yankin ba su biya su sabon albashi mafi ƙanƙanta ba, yara suna zaune a gida. Idan kuɗi suka bar hannun gwamna suka faɗa hannun ciyaman wanda ba mai tambayarsa, abin da aka yi kawai shi ne an sauya wa ɓarawo ɗaki.

Haɗari mafi girma shi ne na rarrabuwa. A Fabrairu 1992, shawarar da ƙaramar hukumar Zangon Kataf ta yanke ta mai da kasuwa wani sabon wuri ta zama sanadin rikici, wanda ya sāke ɓarkewa a watan Mayu ya bazu har Kaduna, aka yi asarar rayuka masu yawa a kowane ɓangare. A Nuwamba 2008 kuma zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya ƙare da zub da jini. Waɗannan rikice-rikice suna da tsofaffin dalilai na ƙasa da sarauta da maganar ɗan ƙasa da baƙo, amma sun nuna mana cewa maganar inda za a sa kasuwa ko wanda zai hau kujerar ciyaman tana iya cin rai idan wani ɓangare ya ga an rufe masa ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka duk inda iko ya sauko, dole adalci ya sauko tare da shi, ga masu rinjaye da marasa rinjaye.

5. Abin da waɗansu suka gwada

Ba mu ne na farko da muka fuskanci wannan tambaya ba. A 1992 ƙasar Indiya ta gyara tsarin mulkinta ta ba majalisun ƙauyuka matsayi a doka, ta keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun. Jihar Kerala, wadda ke da tsohuwar al'ummar Kirista, ta ƙara gaba a 1996: ta miƙa wa ƙananan hukumomi tsakanin kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na kuɗin ayyukan raya ƙasa, da sharaɗin cewa tsarin ya faro daga taron jama'a na kowace mazaɓa. Mutane suka taru suka faɗi bukatunsu, aka kafa ƙananan kwamitoci na ruwa, da noma, da lafiya, da ilimi, aka horar da dubban 'yan sa-kai, aka gayyato injiniyoyi da malamai da suka yi ritaya su duba ko ayyukan da aka zaɓa za su yiwu. Abin lura shi ne, gwamnatin Kerala ba ta jira sai ƙauyuka sun ƙware kafin ta ba su kuɗin ba. Ta ba su, ta tsaya kusa tana koya musu. Wannan ita ce ƙa'idar tallafi a aikace.

A birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil, tun 1989 aka fara barin mazauna unguwanni su zauna su zaɓi ayyukan da za a sa a wani sashe na kasafin kuɗin birni, unguwannin talakawa kuwa suka sami ruwan famfo da magudanai da suka daɗe suna nema. Kusa da mu, Ghana ta kafa majalisun gundumomi a 1988, tsarin mulkinta na 1992 kuma ya ware musu asusu na musamman. Jamhuriyar Nijar ta yi zaɓen ƙananan hukumomi 265 a 2004. A ko'ina darasin ɗaya ne: inda aka miƙa aiki ba kuɗi, abin ya tsaya a takarda, inda aka miƙa kuɗi ba idon jama'a, ya tsaya a aljihun mutum kaɗan.

6. Yadda al'umma ke tsara ci gabanta

Tsara ci gaba ba sai mai digiri ba. Kakanninmu da suke shirya gayya sun san wace gona za a fara, wa zai kawo fura, wa zai buga ganga. Ga matakai shida da kowace unguwa ko ƙauye za ta iya bi.

Na ɗaya, a kira taro na kowa da kowa, da sanin mai unguwa ko dagaci. A sa shi a wurin da ba na wani ɓangare ba, kamar filin makarantar firamare, a lokacin da mata za su iya zuwa. A gayyaci Musulmi da Kirista da masu bin al'ada, manoma da makiyaya, matasa da naƙasassu. Idan mata ba su saba magana a gaban maza ba, su fara zama su kaɗai, sa'an nan wakiliyarsu ta kawo abin da suka yanke.

Na biyu, a fara da ƙidayar abin da ake da shi kafin a lissafa abin da babu. Rijiya nawa, nawa ke aiki? Aji nawa, malami nawa, yara nawa? Magina da kafintoci nawa ne a garin? Akwai yashi da dutse kusa? Al'ummar da ta san dukiyarta ba ta zuwa gaban hukuma da hannu biyu a buɗe.

Na uku, a jera bukatu a zaɓi na gaba. Hanya mai sauƙi ita ce a zana kowace bukata a ƙasa, a ba kowane mutum ƙwayar masara uku ya ajiye inda ya fi so. Ta haka wanda bai iya karatu ba da wanda ya iya, ƙuri'arsu ɗaya. Sau da yawa za a tarar manyan gari na son ɗakin taro, mata kuwa na son ruwa.

Na huɗu, a raba ayyukan gida uku: abin da za mu yi da kanmu, kamar share magudana da yaɓe aji, abin da za mu yi tare da ƙaramar hukuma, kamar kwalbati, mu kawo yashi da ƙarfi, su kawo siminti da injiniya, da abin da ya fi ƙarfinmu duka, kamar babbar gada, wanda sai jiha ko tarayya. Wannan rabo shi ne zuciyar ƙa'idar tallafi.

Na biyar, a rubuta. A sa kwanan wata, shugabanni su sa hannu, a kai wa kansila da ciyaman, a karɓi shaidar cewa takarda ta shiga, a ajiye kwafi. Shekarar kuɗi ta gwamnati na farawa a Janairu, shirin kasafi kuwa ana yinsa watanni kafin nan, saboda haka takardarmu ta isa tun kafin kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na shida, a bi sawu. Ana buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya wata wata, matasanmu masu waya za su iya nemo shi a intanet su karanta wa dattawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce daga ofishin gwamnati. Idan aka ba da kwangila, a san nawa ne, wa aka ba, yaushe zai gama. Idan aiki ya kammala, a naɗa masu kula da shi da ɗan asusun gyara, gama ƙasarmu cike take da rijiyoyin burtsatse da suka mutu saboda ƙarfe ɗaya da ba wanda ya ɗauki nauyin sayensa.

Ba sai mun ƙirƙiro sababbin ƙungiyoyi ba. Akwai kwamitocin raya mazaɓa da ke kula da ɗakunan shan magani, da kwamitocin kula da makarantu, da ƙungiyoyin ci gaban gari. Mu shiga, mu raya su.

7. Abin da ya wajaba a kanmu

Taron bishof-bishof na Afirka da aka yi a Roma a 1994 ya kira Ikilisiya iyalin Allah, ya kuma ƙarfafa ƙananan ƙungiyoyin masu bi na unguwa unguwa. A cikinsu mun koyi zama a da'ira, da sauraron juna, da rubuta abin da aka yanke, da ba da lissafin baiko. Zumuntar Mata ta daɗe tana riƙe asusu tana karanta shi a fili. Wannan horo gishiri ne da ya kamata mu kai cikin miyar gari duka. Hukumar Adalci, Ci Gaba da Salama ta dayosis tana nan domin ta taimaka wa duk majami'ar da ke son koyon karanta kasafin kuɗi.

Amma mu yi hankali da abu uku. Kada mu je taron gari domin mu jawo rijiya zuwa ƙofar coci. Mu nemi inda za ta fi amfanar kowa, ko da a unguwar maƙwabtanmu Musulmi ne. Kada mu sayar da ƙuri'ar kansila a kan sabulu da gishiri, gama wanda ya sayi kujera zai fanshe kuɗinsa daga maganin asibitinmu. Kada kuma mu matsa wa ɗanmu da ya zama ciyaman ko ma'aji da roƙon kuɗin biki da na gudummawar coci har mu tura shi ga sata, sa'an nan mu zauna muna zagin shugabanni. Ku kuma 'yan'uwanmu da ke riƙe da waɗannan muƙamai, ku tuna da ma'aunin Yetro: iyawa, tsoron Allah, amana, da ƙin cin hanci.

Mu ma da muke hidima a Ikilisiya, Fada da katikis da kwamitin coci, wannan ƙa'ida ta hau kanmu. Majami'ar ƙauye tana da hakkin a tambaye ta kafin a yanke abin da ya shafe ta, tana kuma da hakkin jin lissafin abin da ta bayar.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mun san sunan kansilan mazaɓarmu? Yaushe ya zauna da mu na ƙarshe, yaushe kuma muka neme shi?

2. Waɗanne ayyuka ne muke jiran gwamnati ta yi mana alhali za mu iya yinsu da gayya?

3. Su wane ne a garinmu ba a jin muryarsu idan ana yanke shawara? Ta yaya za mu jawo su?

4. Wane aiki ɗaya ne za mu iya nema tare da maƙwabtanmu waɗanda ba addininmu ɗaya ba kafin kasafin kuɗi mai zuwa?

Muna roƙon kowace ƙungiya ta karanta Fitowa 18 da Ayyukan Manzanni 6 kafin ta zauna, ta rubuta amsoshinta, katikis ya kawo su taron wata.

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai da ka danƙa duniya a hannun 'yan Adam domin su nome ta su kiyaye ta, ka ba shugabanninmu zuciyar da za ta saki abin da ba nata ba, ka ba mu ƙarfin halin ɗaukar abin da yake namu. Ka kiyaye garuruwanmu daga rarrabuwa, ka sa mu nemi alherin kowa. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.